Sunan Da Inna Ba Ta Faɗa

Makarantar 'Yan Mata ta Kwana,
Gaya.
11 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga Yayana Auwalu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ni ma lafiyata ƙalau, sai 'yar mura da na yi, ita ma ta tafi. Baba ya zo mini ranar ziyara, ya ce mutanen Toranke duk lafiya, Inna da ƙanwarmu Ummi suna nan ƙalau, shi ne dai gwiwarsa take ɗan taɓa shi.

Ka san ba a barinmu da waya a makaranta. Shi ya sa na roƙi Kawu Maiwada, tunda yana bin motar shanu daga Wudil zuwa Legas kuma ta Gaya yake wucewa, ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa yana karɓar takardata. Ya yi mini dariya, ya ce rabonsa da ɗaukar wasiƙa tun yana saurayi, amma ya yarda.

Maƙasudin rubuto maka shi ne, na ji waƙarka. Wata 'yar ɗakinmu, Surayya, ita ta dawo da ita daga hutu a bakinta, tana wanki tana yi, yanzu rabin ɗakin sun iya. Wadda kake cewa a mayar da kai lokacin da ake gaɗa a dandali, rumbu cike, babu wanda ya tafi ko'ina. Da na ji an ambaci Auwalu Toranke a ƙarshe, sai na ce mata yayana ne. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke Lauratu da ko tari ba kya yi da ƙarfi, ke ce ƙanwar mawaƙi?" Aka yi ta dariya. Ni kuwa ko hotonka ba ni da shi da zan nuna.

Yaya, ina aji huɗu a firamare ka tafi Legas, ga shi ina aji biyar na sakandare. Fuskarka ma sai na yi ƙoƙari nake tuna ta. A nan ba ni da ƙawa sosai, idan an tashi daga aji nakan zauna ƙarƙashin darbejiya in yi ta jin ababen hawa suna wucewa ta bayan katanga. Ran nan ina zaune ina maimaita baitocinka a zuciya, sai wata tambaya ta zo mini. Ka yi haƙuri idan ta fi ƙarfin bakina. Idan kewar gida ta kai yadda kake faɗa a waƙa, me ya hana ka zuwa?

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Lauratu Tukur.

*

Agege, Legas.
9 ga Maris, 2024.

Lauratu 'yar boko,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, tana warin shanu, amma na karanta ta har sau ban san iyaka ba. Ina lafiya. Da safe ina dakon albasa a kasuwa, da yamma ina situdiyo wajen abokina Muzammil. Kar ki ji an ce situdiyo ki zaci wani abu ne, akurkin kajin Inna ya fi shi faɗi. Ki gaya wa Surayyar nan na ce ke ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tarin ma ni na kwashe na gidan duka.

A nan kowa kika gani, kewa ce take cin sa. Mai shayi, mai gadi, mai wankin takalmi. Ka yi musu waƙar soyayya, su ji yau su manta gobe. Amma ka sa kiɗan ƙwarya, ka ambaci fura da rumbu da dandali, sai ki ga ƙato da gemunsa ya juya baya yana gyaran hula. Har yaran da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa ganin rumbu ba, su ma kewarsa suke yi. Tsohon abu shi ne sabon yayi.

Tambayarki kuwa, wa zan zo wa? Iya ta Kademi, kakarmu da ta ɗauke ni tun daga yaye ta raine ni, ta rasu. Baba muna gaisawa a waya. Inna kuwa, in Baba ya miƙa mata wayar, ina ji za ta ce, "Ka ce ana gaishe shi," ta yi gaba. Na sani, za ki ce kunyar ɗan fari ce, uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, ba ta sake masa fuska. Kowa haka yake ce mini. Amma ke ana kiranki Lauratu safe da yamma, ba ki san yadda abin yake ba. Ni "na Kademi" take ce mini, kamar wani buhun gyaɗa. Gidan da nake wa waƙa, ni ma ban taɓa zama a cikinsa ba. A bar maganar.

Ga wata 'yar waya nan na ba Kawu ya ajiye miki a gida, akwai memori a ciki. Idan kun yi hutu, ki bi tsofaffin matan gari ki ɗauko mini waƙoƙin da, na daka, na niƙa, na reno. Muzammil ya ce muryar tsohuwa ta gaske ta fi duk abin da na'ura za ta ƙirƙira. Ki cire memorin ki sa a ambulan. Ki daure ki buɗe baki, tsofaffi ba sa cizo, haƙoran ma babu.

Yayanki,
Auwalu.

*

Toranke.
24 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga Yaya Auwalu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan ka yi ta lafiya. Mu ma mun yi lafiya, sai zafi da ya matsa. Atamfar da ka aiko an ɗinka wa Ummi da ni. Ta Inna tana cikin akwati, ba ta ɗinka ba, amma na ga ta sa ta a can ƙasa inda take ajiye kayan da take ji da su.

Na yi aikin da ka sa ni. Na fara da Gwaggo Hussaina ta bayan masallaci. Sai da na je gidanta na dawo ban iya faɗar abin da ya kai ni ba, a zuwa na gaba ita ta ce, "Ke 'yar Hanne, in bashi kika zo ci ki faɗa." Da na yi mata bayani, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Wai kewar daka suke yi a Legas? Su zo su karɓi taɓaryar mana, kafaɗata ta gode." Duk da haka ta yi mini waƙoƙi da yawa, ita da maƙwabciyarta. Suna nan a farkon memorin.

Ta ƙarshen ita ce nake jin nauyin faɗa maka.

Ranar Talata Baba ya tafi kasuwa, Ummi tana Islamiyya, ni kuma Inna ta aike ni gidan Kawu. Na tarar ba sa nan, na dawo da wuri. Ina shiga zaure na ji daka, na ji murya tana bin taɓarya. Ban taɓa sanin Inna tana waƙa ba. Wayar tana hannuna, sai kawai na danna, na tsaya a jikin danga. Ban yi niyyar komai ba, na ɗauka irin ta Gwaggo ce. Sai na ji tana cewa:

Auwalu, Auwalu nawa,
An kwance ka daga bayana, ban ce a'a ba.
Kademi ƙafa ba ta zuwa, ido ne yake zuwa,
Ci tuwon Iya ka girma, ni na ƙoshi da labari.

Yaya, ta yi ta maimaita sunan. Idan taɓarya ta sauka sai ta faɗa, kamar da shi take samun ƙarfin ɗagawa. Kuma ba ta lalube, ka ji waƙar da aka daɗe ana yi. Na koma waje na zauna a kan dakali har dakan ya tsaya, sannan na shigo da sallama da ƙarfi. Ta amsa kamar kullum, ta ce na daɗe.

Na kwana biyu ina tunanin in goge. Amma na tuna abin da ka rubuta game da buhun gyaɗa, sai na kasa. Ban san ko na yi daidai ba. Tunda sunanka ne a ciki, na ga kai ne mai ita. Ka girme ni, ka fi ni sanin abin da ya dace.

Jibi zan koma makaranta. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Lauratu.

*

Makarantar 'Yan Mata ta Kwana,
Gaya.
19 ga Mayu, 2024.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ni ma lafiya lau, an fara ruwa.

Har yanzu ban ji daga gare ka ba, hankalina bai kwanta ba. Ko ranka ya ɓaci ne? Ko memorin bai buɗe ba?

Akwai abin da ya kamata in faɗa a waccan takarda, kunya ta sa na yi ta kewaye-kewaye. Bari in faɗa a fili. Waƙar Inna don kunnenka kaɗai na aiko ta. Don Allah, don Annabi, kada Muzammil ya ji, kada kowa ya ji. Ta Gwaggo Hussaina ku yi yadda kuke so, ita da kanta ta ce a kai ta har Makka. Amma ta Inna, kai ma ka san yadda mutanenmu suke. Matar da ko a gaban Baba ba ta taɓa faɗar sunan nan ba. Idan ka saurara, ka ajiye ta inda babu mai taɓawa.

Kawu ya ce wannan makon za su yi lodi. Ka ba shi amsa ko layi biyu ne.

Ƙanwarka,
Lauratu.

*

Agege, Legas.
8 ga Yuni, 2024.

Lauratu,

Salam. Ina lafiya, lafiyar da ban taɓa yin irinta ba. Kawu bai zo ba tun da ya kawo memori, an ce sa ya taka shi a ƙafa wajen lodi yana kwance a gida. Ki duba mini shi. Wannan ta hannun abokin tafiyarsa Ja'afar na aiko.

Ki yafe mini shirun da na yi, rasa abin rubutawa na yi. Ranar da na saurara, a bayan shagon albasa nake, na sa abin ji a kunne. Na ji ta Gwaggo ina dariya. Da na zo ta ƙarshe, sai na zauna a ƙasa. Masu dako suna tambayata ko mutuwa aka yi mini. Na ce a'a, albasa ce. Lauratu, ashe haka sunana yake a bakinta. Ashe tana ja masa wasali a ƙarshe. Shekara ashirin da bakwai ina amsa sunan nan, ranar na fara jin sa.

Kin ce ni ne mai ita, kuma na fi ki sanin abin da ya dace. Na yi tunani, na ga abin da ya dace shi ne duniya ta san wace ce uwata. Duk wanda ya taɓa ce mini ɗan Iya, wanda uwarsa ta bayar, ya ji da kunnensa. Mun zauna da Muzammil mun yi aiki a kanta kamar ba za mu bari ba. Ba mu taɓa muryarta ba, ko ƙarar turmin ba mu cire ba, shi ne ma kiɗan. Ita ta yi baiti, ni in amsa mata. Karon farko ke nan da muka yi hira da Inna.

Mun sake ta ranar Juma'a. Ba ki ga yadda take tafiya ba! Masu tura waƙa a kasuwa sun ce ita ake tambaya. Wani direba ya tare ni ya ce ya tsayar da mota a hanya ya kira tsohuwarsa. Kowa cewa yake ta tuna masa da da.

Ki sa mata ta ji. Ki lura da fuskarta sosai, ki rubuto mini komai, kada ki rage.

Yayanki,
Auwalu ɗan Hanne.

*

Toranke.
28 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga Yaya Auwalu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mun yi hutu. Baba da Ummi lafiya, shuka ta yi kyau. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi, gobe zai koma hanya. Takardar da na rubuta maka a watan Mayu tana aljihun rigarsa duk tsawon jinyar nan, zai kawo maka su tare. Ka fara karanta waccan.

Kafin takardarka ta iso na riga na ji. Ina zaune ƙarƙashin darbejiya wani mai adaidaita ya tsaya a bayan katangar makaranta ya ƙure sifika. Na ji turmi, na ji muryar Inna a kan titin Gaya. Na tashi in gudu, ban san inda zan gudu ba. Kafin mako ya ƙare duk ɗakinmu suna yi. Surayya tana kwaikwayon muryar tsohuwa tana daka da tsintsiya, tana cewa, "Wayyo, zamanin da ya fi daɗi." Wannan karon ban ce yayana ne ba.

Ka ce in sa mata ta ji. Ba sai na sa ba. Ummi ta ba ni labari. An yi suna a gidan Malam Ɗayyabu bayan Babbar Sallah, aka ɗauko mai kiɗan sifika daga Gaya. Inna tana tsakar gida cikin mata tana rabon tuwo, sai ya saka ta. Da farko ba wanda ya kula. Sai Gwaggo Hussaina ta ɗaga kai ta ce, "Kai, wannan turmin na san shi." Sai sunanka ya fito da muryarta, a gaban surukanta, maza suna jiyowa daga waje. Wata abokiyar wasanta ta rangaɗa guɗa ta ce, "Hanne, ashe bakin yana iyawa! Maimaita mana mu ji a kusa!" Mata suka fashe da dariya. Ba da mugunta suka yi ba, amma Inna ta ajiye mara a cikin tukunya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fita. Takalminta ma Ummi ce ta biyo ta da shi.

Tun ranar ba ta ƙara zuwa biki ko suna ba. Yara idan sun wuce ƙofar gida sai su rera "Auwalu nawa" su ruga. Turmin ta kife shi a bayan rumbu, gero yanzu inji ake kaiwa.

Ni kuwa ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ranar da na dawo ta ce, "Ke ce?" Na ce ni ce. Ta ce, "To." Shi ke nan. Tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwata. Amma duk sanda na shigo inda take, hannuna take fara kallo. Idan tana magana da Ummi na zo, sai ta yi shiru. Gidan nan ya fi makaranta kaɗaici.

Yaya, mutanenka suna jin waƙar suna tuna da. Ita ba da ba ce a wurinta, ranar Talata ce ta yi ta, kuma ina jin ta yi ta a wasu ranakun da ba mu sani ba. Wuri ɗaya ne take da shi da take zama da kai, ni na buɗe ƙofar, kai ka shigo da kasuwa.

Ban taɓa yi maka magana haka ba. Ka yafe mini.

Ƙanwarka,
Lauratu.

*

Agege, Legas.
20 ga Agusta, 2024.

Lauratu,

Salam. Ba zan ce miki ina lafiya ba. Kawu ya kawo takardun biyu. Shi ma bai raga mini ba, a gaban mutane ya ce, "Ka tuɓe wa ƙanwata ɗankwali a kasuwa, kana jiran a yi maka tafi?"

Da farko haushi na ji. Na ce laifin me ta yi? Sata ta yi? Ɗanta ta kira. Na rubuta miki wata doguwar takarda a kan haka, na yaga. Don da na sake karanta wurin takalmin, sai na gan ta tana tafiya a ƙasa ba takalmi, ni na sa.

Na ce wa Muzammil mu janye waƙar. Mun cire daga inda muka sa, amma ya ce ruwan da ya zube a yashi ne. Tana wayar kowa. Jiya an gayyace ni wasa, suna ta ihu in yi ta, na ƙi, aka jefe ni da ledar ruwa. Ina fita na ji ta a shagon mai shayi. Yanzu ni ma gudun ta nake yi, abin da na fi so a duniya.

Da na yi niyyar zuwa da kaka. Har na sayi jaka. Na ce yanzu ina da wanda zan je wa. To yanzu da wane ido? Da can ba ta kallona don kunya, yanzu ba za ta kalle ni ba don dalili.

Ban san yadda ake ba Inna haƙuri ba, ban taɓa yi mata magana mai tsawo ba. In kin ga fuska, ki faɗa mata ban yi don in tozarta ta ba. In ba ki ga fuska ba, ki bari. Ke ma ki yafe mini, na jawo miki. Idan ta ce kada in ƙara taka Toranke, ki rubuto mini haka ɗin, kada ki sassauta.

Auwalu.

*

Toranke.
8 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka da sauƙin zuciya. Mu nan lafiya, sai gwiwar Baba da ta ƙaru, sallah ma a zaune yake yi wani lokaci. Ni mako mai zuwa zan koma makaranta.

Na yi ta neman fuska ban samu ba. Ita ce ta fara. Shekaranjiya da hantsi muna tsinke zogale mu biyu, kowa da tasa tasar. Ba ta ɗago ba ta ce, "Na Kademi, da ya ji, me ya ce?"

Na ce, "Inna, in ɗauko takardunsa?" Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Na ɗauko. Na karanta mata wurin da ka zauna a ƙasa a bayan shagon albasa. Na karanta wurin da ka ce ranar ka fara jin sunanka. Sai ta ce, "Tsaya. Me yake nufi?"

Dole na koma takardarka ta farko. Na yi niyyar tsallake wurin buhun gyaɗa, amma na ga tsallake-tsallakena ne ya kawo mu nan, sai na karanta duka. Har inda ka ce wa za ka zo wa.

Hannunta ya tsaya a cikin tasa. Sannan ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun da na dawo, ta ce, "Ashe bai sani ba?"

Na ce, "Bai san me ba, Inna?"

Ta ce, "Duk garin nan wa ya kasa ganewa? Wanda ba a faɗar sunansa ai an san ko wane ne. Uwata haka ta yi wa yayanmu, ya sani. Ni duk shekarun nan na ɗauka ya sani." Ta sake cewa a hankali, kamar ba da ni take ba, "Ashe yaron nan bai sani ba."

Yaya, ban taɓa ganin Inna tana kuka ba, ranar ma ban gani ba, don ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Na ƙarasa zogalen ni kaɗai.

Na faɗa mata haƙurin da ka bayar, da yamma. Ta ce, "Abin da ya fita ya fita." Na ce ko za ta ɗaga turmin, ta ce in bar shi inda yake. Ina jin ba za ta ƙara waƙa ba, kada ka sa rai. Na tambaye ta abin da zan rubuta maka game da zuwa. Ta ci gaba da aikinta har na fidda rai, na miƙe. Ina bakin ƙofa ta ce, "Ki ce masa gero ya nuna. Babanku ba zai iya yankan bana shi kaɗai ba."

Iyakar saƙon ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Tun da ka tafi ba ta taɓa cewa "ki ce masa" ba.

Idan ka zo, yara za su bi ka da waƙar, ka daure. Idan ka shiga gaishe ta, za ta juya gefe, ta amsa a taƙaice, ta tashi ta kama wani aiki. Ba za ta faɗi sunanka ba, ko yanzu ko nan gaba. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka tashi ka tafi gona.

Ni ina makaranta lokacin, ba zan gani ba. Idan ka sauka a Gaya, kafin ka nemi ɗan acaɓa, ka tsaya a ƙofarmu ka ce a kira maka Lauratu Tukur ta aji shida. Ka faɗa wa mai gadi sunanka sosai, don ban tabbata zan gane ka ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Lauratu.